Gurmin Kakana

Yau ku yi mini gafara, ba zan taɓa batun taki da farashin hatsi ba kamar yadda muka saba, domin wata shari'a ce ta taso a cikin gidana, aka ɗora mini alƙalancinta ba tare da an nemi yardata ba. Jikana ne, yaro ɗan shekara 11, ya tasa ubansa gaba wai sai an saya masa jita, irin wadda ya ke gani a wayar yayyensa. Uban ya ce ba dai a gidansa ba. Uwar ta yi shiru, irin shirun nan da kowane magidanci ya san ma'anarsa. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai aka kwaso ta aka kawo gabana, uban kuwa ya zo da ƙarfin gwiwarsa, don a ganinsa tsoho mai furfura ba zai goyi bayan kiɗa ba. Bayan ya gama kawo hujjojinsa sai ya rufe da cewa, "Baba, ai mu ba mu gaji wannan abu ba." Na dube shi na rasa ta inda zan fara, domin maganar tasa ba haka ta ke ba, laifin rashin saninsa kuwa nawa ne, tun da ya ke ni ne na yi shekara fiye da hamsin ina riƙe da labarin a ciki.

A Nguru aka haife ni, a nan kuma na yi wayo, tun garin yana cikin Lardin Barno, kafin a yi Jihar Arewa Maso Gabas cikin 1967, balle Jihar Barno ta 1976, balle kuma Jihar Yobe wadda sai ran 27 ga watan Agusta 1991 aka yanke ta. Yaran yanzu ba za su gane irin cikar da Nguru ta yi a wancan zamani ba. Tun cikin 1930 hanyar jirgin ƙasa ta iso daga Kano, ta biyo ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ta zo nan ta tsaya, iyakarta ke nan. Saboda haka duk abin da ƙasar Barno ta arewa da makwabtanmu na Nijar suka samar, gyaɗa ce, ƙaro ne, fatu da ƙiraga ne, busasshen nama ne, bandar kifi ce, kanwa ce, sai an kawo shi Nguru a kan raƙumi ko jaki ko babbar mota, sa'an nan jirgi ya kwashe ya yi kudu da shi. Ga Mangawa masu gari, ga sauran Barebari, ga Kanawa da Haɗejawa, ga Fulani da Buzaye, ga Yarabawa da Ibo da Kwarori, kowa da abin da ya kawo shi. Inda kuɗi ke yawo kuwa makaɗi ba ya nisa. Da rana ka ji kalangu a wajen mahauta, ran Salla ka ji algaita da ganga a ƙofar fada, da dare kuma in iska ta juyo ka jiyo goge daga unguwar da aka hana mu ko kallon hanyarta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawun awon gyaɗa ne a wani kamfani, amma ɗan gidan malamai ne, kuma bai taɓa mantawa da haka ba. In ya taso daga aiki ya yi sallar magariba, sai ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya tara mu da allunanmu. Ba mutum ne mai faɗa ba. Kallo ɗaya ya ishe shi.

Wata rana cikin 1971, ina ɗan shekara 10, aka aike ni sayen kananzir da sisi a hannuna, na bi ta bakin tasha. Jirgin Kano bai iso ba, fasinjoji sun bazu a kan tabarmi da buhuna, kusa da teburin mai shayi kuma ga wani mutum ya harɗe ƙafa yana riƙe da wani ɗan abu wanda bai fi ƙoƙon shan fura girma ba. Ban taɓa ganin gurmi kusa da kusa ba sai ran nan. Ƙoƙon duma ne aka rufe bakinsa da fata, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu, shi ke nan. Amma da mutumin nan ya sa yatsu ya fara taɓawa, sai na ji kamar mutum biyu ne ke hira a cikin ƙoƙon, ɗaya mai babbar murya yana tambaya, ɗaya mai ƙarama yana amsawa. Bai ɗaga murya ba, bai yi wa kowa kirari ba, waƙar tafiya ce kawai ya ke yi a hankali, 'yan dako suna gyaɗa kai. Na tsaya da kwalba a hannu har aka kira sallar lisha. Da na koma gida ba kananzir, an riga an rufe kanti, gidanmu ya kwana cikin duhu, ni kuma na kwana da zafin bulala. Ko a jikina. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda yatsun mutumin nan su ke tafiya.

Kashegari na fara neman kayan aiki. Na samo gwangwanin kifi a bola, na roƙi guntun fatar akuya a wajen majema, wani mai gyaran keke ya ba ni tsohuwar wayar birki na warware na zare sili ɗaya. Na jiƙa fatar na ɗame ta a bakin gwangwanin, na shanya a kan rufin ɗakin awaki inda ba mai dubawa. Abin da na haɗa ya fi kama da kuntigi, tsirkiyarsa ɗaya ce tak, amma a wurina ya fi rediyon da ke kantin Kwara daraja. Na yi wajen mako uku ina laɓewa bayan rumbu ina ƙyanƙyasawa, har na iya fitar da wani abu mai kama da amon da na ji a tasha. A nan mahaifina ya same ni. Bai doke ni ba. Ya miƙa hannu na ba shi, ya jujjuya abin, sa'an nan ya ce, "Roƙo za ka yi?" Na yi shiru. Ya ce, "Ni ban haifi maroƙi ba." Ya wuce da shi madafa ya jefa a murhu. Mahaifiyata tana tsugune tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago kai ba, amma na ga muciya ta tsaya a hannunta. Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗi, balle ta sa baki a maganata, saboda haka na ɗauka kunyar ɗan fari ce. Ashe akwai abin da ya fi wannan.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa mahaifina adalci, don kada matasa masu karanta wannan fili su ɗauke shi azzalumi. A ƙasar Hausa da Barno ta wancan zamani, makaɗi da maroƙi kusan abu ɗaya ne a idon jama'a, domin makaɗi ba shi da albashi sai abin da aka ba shi, hanyar samun kuwa ita ce ya wasa mai abu, in an hana shi kuma wani lokaci ya yi zambo. Ga shi kuma wasu kayan kiɗan, musamman goge da garaya, sun yi ƙaurin suna wajen bori da gidajen mata masu zaman kansu, malamai kuwa tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo su ke ta jan kunne a kan kiɗan da ke haɗa maza da mata da shagala. Uban da ya ga ɗansa da gurmi, abin da ya ke hangowa shi ne yaro ya bar allo, ya bi 'yan kiɗa gari gari, ranar da ya tashi neman aure kuma a ce masa ba a ba maroƙi. Wannan tsoro ba na banza ba ne, na ga waɗanda abin ya faru a kansu. Abin da dai ya ke ɗaure mini kai har gobe shi ne, mutanen nan da ba za su ba makaɗi 'yarsu ba, su ne za su tuɓe babbar riga su yafa masa in ya ambaci kakanninsu, su ne kuma ba sa yarda a kashe rediyo in Kaduna ta sako Shata. Muna son zuma, muna ƙyamar mai shiga amya.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara sai aka tura ni Gashuwa wajen iyayen mahaifiyata, watakila don a raba ni da bakin tasha. Tafiyar mil 40 ce ko ɗan fiye, ta Jajimaji, amma a babbar motar katako da yashin wancan lokaci sai ta ci mana wuni guda. Gashuwa ita ce mazaunin Mai Bade tun cikin 1946 da aka taso daga tsohon birnin Gorgoram, tana kuma bakin kogin Yobe, kusa da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are su ke haɗuwa. Garin masunta ne da manoman fadama. Kakata ta tarye ni da wasan da aka saba, tana cewa ga maigida ya iso ba ko kuɗin cefane. Kakana kuwa dogon tsoho ne Babade, idonsa ya fara yana, yakan wuni a gindin wata tsamiya yana gyaran koma. "Abokina" ya ke ce mini.

Kwana huɗu da zuwana kakata ta aike ni ɗakinta in ɗauko mata daddawa a rataye. Na taka turmi na miƙa hannu, sai na taɓo wani abu a saƙale can cikin rufin ɗaki, an naɗe shi da tsohon zane. Karambanin yaro, na sauko da shi na warware. Gurmi ne. Ƙoƙon ya yi baƙi yana ƙyalli saboda tsufa da hayaƙi, sandar ta lotsa a wuraren da yatsu su ke dannawa, fatar ta tsage a gefe, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Ina tsaye da shi a hannu kakata ta shigo. Ta yi salati, ta ce in mayar tun kafin a gani. Amma tsohon ya riga ya ji, don na taɓa tsirkiyar da ta rage ta yi ƙara. Daga gindin tsamiya ya ɗaga murya ya ce, "Abokina, kawo shi nan."

A daren nan na ji abin da ba a taɓa faɗa mini ba. Kakana makaɗin gurmi ne, ubansa ma haka, kakansa ma haka. Shi ne ya ke yi wa 'yan kokawa kiɗa in an yi girbi, ya yi wa masunta in za a buɗe ruwa, ya yi wa samari in an tara gayya, yana waƙa da Badanci yana kuma yi da Hausa in taron ya haɗa baƙi. Bai taɓa zama makaɗin fada ba, bai kuma bar su da noma ba, amma duk ƙauyukan bakin kogin nan sun san hannunsa. To sa'ad da mahaifina ya ga mahaifiyata ya nemi aurenta, sai danginsa suka ce ba za su haɗa zuriya da gidan kiɗa ba. Aka yi ta kai da kawowa. Daga ƙarshe kakana da kansa ya aika musu cewa in dai gurmi ne matsalar, to ya ajiye shi daga ran nan. Ya kuwa cika alkawari. Shekara goma sha biyu ke nan a lokacin bai taɓa shi a gaban mutane ba. Da ya ke ba ni labarin ba ya nuna ɓacin rai, har dariya ya ke yi, yana cewa wasu da shanu su ke aurar da 'ya'yansu, shi da ƙoƙon duma ya aurar da tasa. Sai a lokacin na gane abin da ya tsayar da muciya a hannun mahaifiyata.

Na roƙe shi ya koya mini. Ya ce alkawarin da ya yi na barin kiɗa a taro ne, bai yi alkawarin hana jikansa taɓa kayan kakanninsa a cikin gida ba, amma fa kada in kai labari Nguru. Ya aiki wani ɗan ƙanensa ya samo fatar guza, don ya ce ita ce ta fi amo, ta damo na biye da ita, ta akuya kuwa sai in an rasa. Da hannunsa ya ɗame ta, yana lalube, ya saka sabuwar tsirkiya, ya gyara ɗan jakin da ke tallafe da su, ya nuna mini yadda a ke tura ɗaurin fatar da ke jikin sanda sama ko ƙasa har muryoyin biyu su daidaita. Ya ce wanda bai iya saita gurmi ba bai fara ba tukuna, kuma ba da ido a ke yi ba, da kunne ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninsa cewa gurmi magana ya ke yi. Hausa da Badanci duka harsuna ne masu hawa da saukar murya, in ka sauya karin kalma ka sauya ma'anarta, kamar yadda kowa ya san bambancin fari na launi da fari na rashin ruwa da fari mai cin amfanin gona ba a baƙaƙen ya ke ba sai a tsawon wasali da karin murya. To makaɗi wannan hawa da sauka ya ke bi da yatsunsa. Shi ya sa kowane ɗan kokawa ya ke da takensa, da an taɓa shi ko yana bayan taro zai zabura ya shigo fili, ba tare da an ambaci sunansa ba. Kakana ya ce yana riƙe da take fiye da yadda zai iya ƙirgawa, na mutanen da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ni guda ɗaya tak ya samu ya koya mini, taken wani ɗan kokawa na ƙauyensu wanda ya rasu tun kafin a haifi mahaifiyata. Dare bakwai muka yi, bayan an yi lisha, a cikin ɗaki, an sakaya ƙofa. Ran na takwas mota ta zo na koma Nguru.

Ban sake ganinsa ba. Cikin 1973, shekarar da fari ya gigita Arewa, aka kuma sauya mana fam da sule zuwa Naira da kwabo, ya rasu. Da muka je gaisuwa na shiga ɗakin kakata na duba rufi, ba kome. Ta ce gara ta cinye sandar, ta ba yara ƙoƙon suna wasa. Daga nan na shiga sakandare, na shiga aiki, na yi iyali. Na sha jin Haruna Uji na Haɗeja a Rediyon Kaduna yana sarrafa gurmi yadda ya ga dama, in na ji kuwa sai in tashi in bar wurin, matata ta yi ta mamaki wai me Haruna Uji ya yi mini.

Hausawa sun raba masu sana'a gida biyu, akwai wanda ya gada, akwai wanda ya yi haye, kuma kullum mai gado ya ke ganin ya fi. In aka duba manyan makaɗanmu sai a ga abin ba layi ɗaya ya bi ba. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu cikin 1991, gado ne tsantsa, tun yana ƙarami ya ke bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda wajen kiɗan noma, bayansa kuma 'ya'yansa suka ɗauka. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, marubuta tarihin makaɗa sun nuna ta wajen uwa kotso ya zo masa, watau irin tawa hanyar ke nan, sai dai shi ba a hana shi ba. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru cikin 1946 ya rasu cikin 2015, ɗan makaɗin sarki ne, amma bai tashi ya ga uban ba balle ya koya a hannunsa, kuntigin da duniya ta san shi da shi kuwa a wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ya ga irinsa, ya dawo ya haɗa nasa. Mamman Shata kuma haye ya yi, mahaifinsa bai so ba ko kaɗan, don shi ma roƙo ya ɗauki abin. Wannan yaron da aka hana, shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta cikin 1988, ya kuma rasu cikin 1999 ba wanda ya kama ƙafarsa. Ban kawo Shata don in ce duk yaron da aka hana kiɗa Shata aka yi hasara ba. Ni dai na san ba zan zama Shata ba, muryata ko awaki ba ta tarawa. Abin da aka yi hasara a gidanmu shi ne take da waƙoƙin Badanci na mutum uku, uba da ɗa da jika, waɗanda ba a rubuta ba, ba a kuma ɗauka a faifai ba. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Amurka da abokan aikinsa 'yan Yobe sun yi ƙoƙari sun haɗa ƙamus na Badanci da Turanci da Hausa, Allah ya saka, amma ƙamus kalmomi ya ke adanawa, ba ya adana abin da yatsu suka sani.

Makwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan, suka kuwa yi wani abu a kai. Buduma masunta na Tafkin Cadi suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, ana ce masa biram. Aka wayi gari saura tsoho ɗaya da aka sani ya iya shi sosai, Bukar Tar, matasan kuwa ba mai sha'awa. Sai Malam Maman Barka, mutumin Tesker, malamin makaranta kuma shahararren makaɗin gurmi, wanda ba Buduma ba ne balle a ce gadonsa ne, ya sami tallafin hukumar UNESCO cikin 2002, ya tafi ya tare a wajen tsohon nan ya koya. Bayan rasuwar tsohon shi ne ya ɗauki biram ya kai shi har ƙasashen Turai, aka ɗauke shi a faifai, kafin shi ma ya rasu cikin watan Nuwamba 2018. A Yamai kuma tun 1989 suna da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar. Ɗan haye ne ya ceci gadon wasu.

Mu a nan Yobe ta arewa abubuwa da yawa sun taru sun yi wa gurmi da 'yan'uwansa rubdugu. Tun da aka datse ruwa a Tiga cikin 1974, aka ƙara da Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya hali, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, su da noman fadama suka shiga wani yanayi, tarukan da a ke kiran makaɗi dominsu suka ragu. Shekarun tashin hankali, musamman bayan dokar ta ɓaci ta 2013, suka zo suka kashe hirar dare na wani lokaci. Ga kuma fiyano, wanda yaro ɗaya zai zauna a situdiyo ya fitar da amon kalangu da algaita da gurmi duka ta hanyar danna maɓalli, mai biki kuwa ya ga ya fi masa araha ya ɗauko lasifika da ya ciyar da ƙungiyar mutum shida. Ba na zagin fiyano, yara da yawa suna cin abinci da shi, wasu waƙoƙin nasu ma ni kaina ina saurare in ba kowa. Amma na lura ba ya kiran kowa da take. Ina ganin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa cikin 2013, da Kwalejin Ilmi ta Umar Sulaiman, in suka haɗa kai da fadar Mai Bade da ta Mai Nguru, ba zai gagare su ba su bi ƙauyukan bakin kogi su nemo tsofaffin da suka rage, a ɗauki kiɗansu da bayaninsu, a kuma ba su ɗan abin da zai sa su zaunar da yaro biyu ko uku su koya musu. Ɗalibi ɗaya da waya mai kyau zai yi a wata guda abin da Turawan da su ke zuwa da manyan akwatunan ɗaukar magana ba su yi a shekara ba. Ba a dai fafe gora ranar tafiya, tsofaffin nan kuwa ba jiranmu za su yi ba.

To, mu koma kan shari'ar gidana. Na sallami yaron, na zaunar da ubansa na ba shi labarin nan tun daga bakin tasha har zuwa rufin ɗakin kakata. Ya daɗe bai ce kome ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Baba, to me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?" Na ce masa kunya ce, irin wadda aka koya mini, na kuma riƙe ta har ta zame mini ɗabi'a. Ya ce shi fa tsoronsa karatun yaron, da kuma irin abokan da abin zai jawo masa. Na ce wannan tsoro na kakanka ne, kuma yana da gaskiyarsa, saboda haka ga hukunci: boko da Islamiyya suna gaba, ranar da sakamako ya faɗi ranar za a rataye kayan kiɗa, ba zuwa gidan biki, ba karɓar kuɗin kowa, kuma kafin a yi zancen jita sai ya fara da gurmi, a zaurena, a gabana. Uban bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba, ya dai ce, "Yadda ka gani, Baba."

Samun gurmin ma sai da ya zama aiki. Na aika Nguru aka ce sai dai a tambaya, na aika Gashuwa wani ɗan'uwa ya yi mako biyu yana cigiya kafin a kwatanta masa wani dattijo a wani ƙauye da har yanzu ya ke haɗawa. Fatar akuya ya sa, tsirkiyar kuma igiyar kamun kifi ce ta roba. Da aka kawo, jikan nawa ya jujjuya shi ya taɓe baki, ya ce, "Kaka, wannan ai ba ya shiga lasifika." Na ce kawo nan, abokina. Na tura ɗaurin sama, na dawo da shi ƙasa kaɗan, na saurara, na sake turawa. Yatsuna sun yi tauri, na yi kuskure sau uku ko huɗu, a na biyar sai ga taken ɗan kokawar nan ya fito, ba daidai yadda tsohon ya ke yi ba, amma shi ne. Yaron ya matso ya ce in sake. Na sake. Ya karɓa ya gwada, ya ce tsirkiyar tana yanka masa yatsa, na ce haka za ta yi ta yi har wurin ya yi kanta. Muna cikin haka na hangi ubansa a bakin ƙofar zaure, ya dawo daga masallaci da carbi a hannu, bai shigo ba, bai kuma wuce ba, har yaron ya kai ƙarshen taken a karo na farko.